Zuciya Mai Ji

Na daɗe ina roƙon Allah hikima kafin in gane abin da nake roƙo. Ayar nan ta Yakubu 1:5, wadda ta ce duk wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah mai bayarwa hannu sake ba tare da gori ba, tana cikin ayoyin farko da na haddace bayan na sa kaina ga bin Almasihu da gaske, kuma ita nake jawowa duk lokacin da al'amari ya cakuɗe mini. Sai dai in zan faɗi gaskiya, abin da nake nufi da wannan addu'a shi ne Allah ya sa amsa a bakina, in zama mutumin da in ya yi magana a taro kowa zai gyaɗa kai. Ban taɓa kawowa a raina cewa roƙon ya fi shafar kunnena ba, sai da na tafka wani kuskure wanda har yau in na tuna shi nakan ji nauyi.

Wata 'yar'uwa a ikkilisiyarmu ta kwanta rashin lafiya na tsawon lokaci, muka haɗa gudummawa, aka danƙa ta a hannun wani ɗan'uwa wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, domin ya kai wa iyalin. Bayan makonni uku sai wani ya tare ni bayan sujada, ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya ya ce ya je gaisuwa gidan, kuma 'ya'yan matar sun tabbatar masa ba su ga ko sisi ba. Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, kuma damuwar da ke fuskarsa ta gaske ce. A daren nan na durƙusa na roƙi hikima kamar yadda na saba, da gari ya waye kuma na zauna na rubuta wa dattijon doguwar wasiƙa ta waya, na ƙawata ta da ayoyi a kan riƙon amana, na karanta ta sau biyu, na ji a raina cewa Allah ya amsa addu'ata domin kalmomin sun fito tsaf, babu zagi babu cin fuska. Amsarsa ba ta wuce layi guda ba. Ya rubuto cewa: "Ɗana, da ka tambaye ni, ai da na gaya maka."

Ashe matar ce da kanta ta roƙe shi kada ya kai kuɗin gida, saboda wani dalili na cikin gida da ba ta so ya fita, ta ce ya riƙa biyan asibiti kai tsaye. Duk takardun biyan suna wurinsa, a jere cikin ambulan, kowace da kwanan watanta. Ya zaɓi ya sha zargi a kan ya tona sirrin da aka ba shi. Ni kuwa da na roƙi hikima cikin dare, na tashi na yanke hukunci da safe ba tare da na yi tambaya ko ɗaya ba, alhali Karin Magana 18:13 ta riga ta kira amsa magana kafin a ji ta wauta da abin kunya, aya ta 17 ta wannan sura kuma ta gargaɗe ni cewa wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya har sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Na san ayoyin nan biyu, har na taɓa koyar da su. Sanin bai hana ni komai ba.

Wannan abu ne ya mayar da ni ga labarin Sulemanu a 1 Sarakuna sura 3, labarin da tun muna yara muke jin sa har muka daina lura da abin da ke cikinsa. Mukan taƙaita shi mu ce Sulemanu ya roƙi hikima, Allah ya ba shi har da dukiya. Amma da na koma na karanta a tsanake, na tarar cewa a Gibeyon, bayan ya miƙa hadayu 1,000 na ƙonawa, Ubangiji ya bayyana gare shi cikin mafarki ya ce ya roƙi abin da yake so, sai ya bayyana ƙarancinsa, ya ce shi yaro ne ƙarami wanda bai san shiga da fita ba. Abin da ya roƙa kuma a aya ta 9, in aka bi kalmomin Ibrananci yadda suke, shi ne zuciya mai ji, domin ya iya rarrabe nagarta da mugunta. Allah ne a aya ta 12 ya kira abin da ya ba shi zuciya mai hikima da ganewa. Wato sarkin ya roƙi ji, Allah kuma ya sa wa wannan jin suna hikima.

Shari'ar mata biyu da jariri ɗaya da ta biyo baya ta ƙara fito mini da wannan fili. Kowa takobin yake tunawa, domin shi ne abin mamaki a labarin, amma kafin Sulemanu ya ce a kawo takobi, a aya ta 23 sai da ya maimaita abin da kowace ta faɗa, wannan ta ce ɗanta ne mai rai, waccan ma ta ce nata ne. Matan nan karuwai ne, ba su da shaida, ba su da wani mai faɗa a ji da zai tsaya musu, duk da haka sarki ya saurare su har ya iya mayar musu da maganarsu daidai. Takobin ma kansa wata hanya ce ta ƙarin sauraro, domin ya kawo shi ne don ya ji abin da zuciyar uwa za ta faɗa in an kai ta maƙura. Ni ko rabin wannan ban yi wa dattijon da na sani shekara da shekaru ba.

Harshenmu yana da wani alheri a nan wanda ya kamata mu lura da shi. In aka ce yaro ba ya ji, babu wanda zai ɗauka kurma ne, kowa ya san ana nufin ba ya bin magana. Kalmar ji a wurinmu ta haɗa abin da kunne ke yi da abin da zuciya ke yi da abin da ƙafa ke yi daga baya, haka kuma kalmar take a Ibrananci, inda ji da biyayya suke fitowa daga kalma ɗaya. Saboda haka da Yesu ya rufe koyarwarsa a kan dutse a Matiyu 7:24 da misalin magina biyu, ya ce mai hikima shi ne wanda ya ji maganarsa ya kuma aikata ta, bai kawo wani sabon abu bare ga mai jin Hausa ba. Dukan maginan biyu sun ji da kunne, gidajensu ma wataƙila kamarsu ɗaya daga waje, ruwa da iska ne suka nuna wanda ya ji da gaske.

Akwai wani abu da muke yawan rikitawa da hikima, kuma ina ganin shi ne ya fi yi mana ɓarna a cikin ikkilisiya, wato wayo. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa akwai masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka hallaka mutane da ita ba. Yonadab, abokin Amnon ɗan Dawuda, an kwatanta shi a 2 Sama'ila 13:3 da kalmar da a wasu wurare ake fassarawa mai hikima, amma dabarar da ya kitsa ita ce ta kai ga Amnon ya lalata 'yar'uwarsa Tamar, daga baya kuma ta jawo kisan Amnon ɗin kansa. Ahitofel kuwa, mashawarcin sarki Dawuda, an ce a zamaninsa shawararsa kamar mutum ya nemi faɗar Allah ce, Dawuda da ɗansa Absalom duk haka suka ɗauke ta. Ranar da Absalom ya ƙi bin shawararsa ya bi ta wani mashawarci mai suna Hushai, sai ya ɗaura wa jakinsa sirdi, ya koma garinsu, ya kintsa al'amuran gidansa, ya rataye kansa. Mutum ne wanda kowa ke jin maganarsa, amma shi bai iya jure a ƙi jin tasa ko sau ɗaya ba. Duk lokacin da na karanta wannan wuri nakan ji tsoro kaɗan, domin irin hikimar da na yi shekaru ina roƙo ta fi kama da ta Ahitofel fiye da ta yaron nan na Gibeyon.

Yakubu ya ba mu ma'auni a sura 3 daga aya ta 13 zuwa 18, kuma ma'aunin ba ya duban yawan sani ko iya zance. Ya ce akwai hikimar da ba daga sama take ba, alamarta kishi mai ɗaci da sonkai, inda take kuma hargitsi ba ya ƙarewa. Wadda take daga sama kuwa da fari tsattsarka ce, sa'an nan mai son salama, mai sauƙin hali, mai sauƙin shawo kai, cike da jinƙai da kyawawan 'ya'ya, ba ta nuna bambanci, ba ta da munafunci. Siffa ta huɗu ce ta fi tsaya mini a rai, wato mutumin da za a iya zama da shi a nuna masa dalili ya sauko daga ra'ayinsa. Mu dai mun saba ɗaukar mai hikima a matsayin wanda ba a iya kayar da shi a gardama, Yakubu kuma yana cewa a duba ko ana iya yi masa magana. Ba mamaki shi ne dai ya rubuta a 1:19, ayoyi kaɗan bayan alkawarin nan na hikima, cewa kowa ya yi hanzarin ji, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi. Na haddace aya ta 5 na tsallake ta 19, kamar wanda ya karɓi magani ya ƙi sauraron yadda ake shan sa.

In mutum ya bi wawayen Littafi Mai Tsarki ɗaya bayan ɗaya, zai tarar yawancinsu ciwon kunne ne ya kashe su. Nabal, wanda sunansa ma wawa yake nufi, baransa ne ya ba da shaida a kansa a 1 Sama'ila 25:17 cewa ba wanda ya isa ya yi masa magana. Matarsa Abigiyel kuwa ta tsaya ta saurari wannan baran, ta gane cewa masifa tana tafe domin Nabal ya wulaƙanta manzannin Dawuda, shi kuwa Dawuda yana kan hanya da mutum 400 ɗauke da takuba, ta yi abin da ya ceci gidan duka, ta kuma hana Dawuda zubar da jinin da zai dame shi daga baya. Dawuda ma ya cancanci yabo a nan, domin yana cikin tsananin fushi, ya riga ya yi rantsuwa, amma ya tsaya ya ji maganar mace guda a kan hanya. Rehobowam ɗan Sulemanu ya fi ba ni tausayi, domin shi ya yi duk abin da ake cewa a yi. Ya nemi kwana 3 don ya yi tunani, ya tambayi dattawan da suka yi wa mahaifinsa aiki, ya tambayi tsaransa. Sai dai tun kafin ya tambaya ya riga ya san amsar da yake so, ya yi ta zagaye har ya sami bakin da zai faɗa masa ita, ya tsaya a Shekem ya gaya wa jama'a cewa mahaifinsa da bulala ya hore su, shi kuwa da kunamai zai yi, a ranar kuma kabilu 10 suka ɓalle. Mukan ce ƙuruciya ce ta ja shi, amma 1 Sarakuna 14:21 ta ce yana da shekara 41 sa'ad da ya hau mulki. Na sha yin irin tasa, in kira mutum uku neman shawara, in bar na huɗun da na san zai faɗa mini abin da ba na so.

To, kada a ɗauka sauraro yana nufin gaskata duk abin da aka ji. Ai ni ma sauraro na yi a ranar nan bayan sujada, kunne ɗaya na buɗe na toshe ɗayan. Karin Magana 14:15 ta ce marar wayo ne yake gaskata kowace magana, mai hankali kuwa yakan lura da takunsa. Zuciya mai ji tana jin mai ƙara, tana jin wanda ake ƙara, tana jin abin da ba a faɗa ba, tana kuma jin motsin da ke cikin kanta, domin sau da yawa akwai wani ɗan daɗi da mutum yake ji in aka kawo masa laifin wani, musamman wanda ake girmamawa. Na bincika kaina daga baya na tarar da wannan daɗin a wurin, ya ɓuya a bayan kishin gaskiya.

Abin da ya sa ba za a iya mayar da hikima jerin dokoki ba ya fito sarai a Karin Magana 26:4 da 5, ayoyi biyu maƙwabtan juna, ta farko ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa don kada ka zama kamarsa, ta biyu ta ce ka amsa masa bisa ga wautarsa don kada ya ɗauki kansa mai hikima. Waɗanda suka tattara wannan sashe, mutanen sarki Hezekiya kamar yadda 25:1 ta nuna, ba su jera su kusa da juna cikin kuskure ba. Dukansu gaskiya ne, aikin da ya rage shi ne a san wace ce ta yau, da wannan mutumin, a wannan wurin. Babu littafin da zai gaya maka ko abokin aikin da ya yi maka baƙar magana a gaban mutane yana bukatar amsa ko shiru, ko ɗanka da ya dawo yana zumɓure baki tsawatawa yake bukata ko a zauna a tambaye shi abin da ya faru, ko saƙon da ya shigo wayarka da tsakar dare ya cancanci amsa kafin gari ya waye. A irin waɗannan ƙananan wurare ne rayuwar mai bi take wucewa, ba kasafai ake kawo mana jariri da mata biyu ba. Magana kuwa zarar bunu ce, balle a wannan zamani da yatsa ya fi harshe sauri, abin da ka aika kuma yana nan a rubuce, ana iya sake karanta shi bayan shekara.

Wani abin da ya ƙarfafa ni shi ne ganin cewa kalmar hikima a Tsohon Alkawari ba ta tsaya ga sarakuna da masu shari'a ba. A Fitowa 31 an ce Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa da hikima don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar itace, a sura 35 kuma an yi amfani da wannan kalma ga matan da suka kaɗa zare da hannuwansu domin alfarwa. Ke nan hikima gwaninta ce, irin wadda hannu yake koya da maimaici, ana yi ana kuskure ana gyarawa a ƙarƙashin wanda ya fi ka sani. Wannan ya sauƙaƙa mini rai ƙwarai, domin na daina jiran ranar da za ta sauko mini gaba ɗaya cikin mafarki, na fara ɗaukar kowace rana a matsayin zaman koyo. Littafin Karin Magana yana da sura 31, mutane da yawa sukan karanta sura ɗaya kowace rana bisa ga kwanan wata, ni ma haka nake yi yanzu, sai dai na ƙara wa kaina sharaɗi guda, wato in nemi ayar da ta taɓa ni, in bar wadda ta dace da maƙwabcina.

Duk da haka labarin Sulemanu bai bar ni in saki jiki ba. Mutumin da ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005, wanda sarauniyar Sheba ta yi doguwar tafiya don ta ji shi, shi ne a 1 Sarakuna 11 ya tara mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, suka karkatar da zuciyarsa ga gumaka a kwanakin tsufansa, ko da yake Ubangiji ya bayyana gare shi sau biyu ya kuma gargaɗe shi a kan wannan abu musamman. Ban ga inda aka ce basirarsa ta ragu ba, mai yiwuwa har ƙarshe yana iya warware shari'a mai wuya. Zuciyar ce ta daina ji. Shi ya sa na fahimci cewa da aka ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima, a Karin Magana 9:10 da Zabura 111:10, mafarin nan irin na harsashin gini ne, wanda ginin ke zaune a kansa kullum, ba irin na bakin ƙofa da ake wucewa a bar shi a baya ba. Tsoron Allah shi ne yake riƙe kunne a buɗe bayan mutum ya yi suna, lokacin da ba sauran wanda zai iya ce masa bari.

A nan ne bangaskiyata ta Kirista ta sami wurin tsayawa, domin in hikima ta dogara ga iyawata ta sauraro kaɗai, to, na riga na nuna iyakata. Manzo Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 1:30 Allah ya mai da Almasihu Yesu ya zama hikima a gare mu, kuma abin lura ne cewa hoto ɗaya tak da Linjila ta ba mu na ƙuruciyarsa bayan jarirantaka, a Luka 2:46, shi ne yana ɗan shekara 12 zaune a Haikali a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana yi musu tambayoyi. Shi ne wanda ya tsaya a hanyar Yariko ya tambayi makaho Bartimawas abin da yake so a yi masa, alhali kowa yana ganin makantar. Ishaya 50:4 ta kwatanta Bawan Ubangiji da wanda ake farkar da kunnensa kowace safiya don ya ji kamar almajiri, daga nan ne kuma yake samun kalmar da zai ƙarfafa gajiyayye da ita. Addu'ata ta safe ta sauya saboda wannan aya. Nakan roƙi Allah ya farkar da kunnena kafin bakina ya farka, ya tuna mini in yi tambaya ɗaya kafin in yanke hukunci, ya kuma ba ni ƙarfin hali in saurari wanda na fi ƙin sauraro a ranar.

Dattijon nan na je har gidansa na ba shi haƙuri, ban yi ta waya ba, domin na ga ta wayar ce ta kai ni ga abin da na yi. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sa'an nan ya ce: "Ya wuce, ɗana, Allah ya yafe mana duka." Ya miƙo mini ambulan ɗin ya ce in duba, na ce ba sai na duba ba, ya ce a'a, in duba, domin gobe in wani ya tare ni da maganar in sami abin faɗa wanda na gani da idona. Na zauna na bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana kallona. Wasiƙar da na aika masa tana nan a wayata ban share ta ba, da amsarsa ta layi guda a ƙarƙashinta, kuma nakan buɗe su in sake karantawa duk lokacin da wani ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.